JIRGIN ƘASA NA TAFE DAURA: SHIN AN YI SHAWARA DA DAMINA?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure a 'yan shekarun nan ya ga dogon tudun ƙasar nan da ake ta tarawa ana daddaɓewa, wani wuri kusa da titi, wani wuri can cikin gonaki. Wannan shi ne gadon da za a shimfiɗa dogo a kansa, watau hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Tun da jirgi ya iso Kano cikin 1911, Daura ba ta taɓa jin kukansa ba. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929, na Nguru kuma ya kai cikin 1930, amma Daura da birnin Katsina aka bar su da jaki da raƙumi, daga baya kuma mota. Saboda haka murnar da mutanenmu ke yi tana kan hanya.

To, amma akwai wata tambaya da ban cika jin ana yinta ba a majalisu da tashoshin mota. Ana tambayar yaushe za a gama, nawa ne kuɗin tikiti, 'ya'yanmu nawa za a ɗauka aiki. Ba a tambayar abin da zai faru ranar da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai karatu, a kan wannan nake so mu tattauna yau, gama ƙasashen da suka riga mu sanin jirgi sun sha wuya a hannun ruwa, kuma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

ABIN DA AKE GINAWA

Cikin watan Fabrairu 1921 babu wanda ya yi mafarkin haka, amma cikin Fabrairu 2021 Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin. Tsawon hanyar kilomita 284 ne, ta tashi daga Kano ta bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ta tsallaka iyaka ta shiga Maraɗi. Akwai kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Faɗin dogon milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna, ba irin tsohon na Turawa mai milimita 1,067 ba. Da fari an ce shekara 3 za a gama, amma wa'adin ya wuce ba a gama ba. Har wa yau a nan Daura aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya cikin Disamba 2019, domin a horar da waɗanda za su riƙe irin waɗannan ayyuka.

Masu goyon bayan aikin suna kafa hujja da kaya da dabbobi da fatauci tsakaninmu da Nijar. Suna kuma ambaton baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda za su zo ganin rijiyar Kusugu, da fadar Sarkin Daura, da hawan Sallar Gani, su wuce Katsina su ga hasumiyar Gobarau. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai baƙo, musamman wanda ya biya kuɗinsa ya zo daga nesa, abu guda yake nema kafin kome: ya san ranar zuwansa da ranar komawarsa. A nan ne ruwa yake shigowa cikin zancen.

YADDA RUWA KE KARYA JIRGI

Mutum zai ce ina ruwa ina ƙarfe? Ai ba ƙarfen ruwa yake ci ba, abin da ƙarfen ke zaune a kai yake ci. Dogo yana ɗaure ne a kan sandunan kankare, su kuma suna kwance cikin tsakuwa, tsakuwar kuwa tana bisa tudun ƙasa. In ruwa ya taru a gefe guda ya rasa mafita, sai ya jiƙa tudun ya yi laushi, ko ya haura ta sama ya kwashe tsakuwar. Sa'an nan sai a wayi gari dogo yana rataye a iska, daga nesa kamar lafiya lau, alhali kuwa ƙarƙashinsa rami ne. Direban jirgi ba ya iya kaucewa, kuma jirgi mai gudu yakan ci ɗaruruwan mita kafin birki ya tsayar da shi.

Hanya ta biyu ita ce gada. Ruwa mai ƙarfi yakan yi ta yashe yashin da ke gindin ginshiƙi har ginshiƙin ya karkace. Ta uku ita ce laka da duwatsu da ruwa ke turowa kan dogo a wuraren da aka yanka tudu aka ratsa. Ta huɗu kuwa wayoyi ne da na'urorin ba da hannu, waɗanda in ruwa ya shige su dole jirgi ya tsaya ko da dogo bai taɓu ba.

Bambancin jirgi da mota ke nan. In kwalbati ya karye a kan titi, direbobinmu sukan ratse ta cikin gona, ko su koma su zagaya ta wani gari, ko fasinja su tsallaka da ƙafa su canza mota. Jirgi ba shi da ratse. Ramin da bai wuce taku 20 ba ya isa ya rufe hanyar kilomita 284 gaba ɗayanta.

ABIN DA YA SAMI WASU

A ƙasar Peru akwai wani tsohon birni a kan dutse da ake kira Machu Picchu, wanda baƙi daga ko'ina a duniya ke zuwa gani, kuma yawancinsu ta jirgin ƙasa suke isa garin da ke gindin dutsen. A ƙarshen Janairu 2010 aka yi ruwa mai yawa, kogi ya cika ya yanke dogo a wurare da dama. Mutane wajen 4,000 suka maƙale, abinci ya yi tsada, masauki ya ƙare, wasu suka kwana cikin taragu, sai da jiragen sama masu saukar ungulu aka kwashe su cikin kwanaki. Ba a sake buɗe wurin ba sai 1 ga Afrilu. Wata 2 cur masu masauki da masu abinci da 'yan rakiyar baƙi suna zaune hannu rabbana.

Kada a ce don Peru ba ta da ƙarfi ne. Ranar 30 ga Disamba 2023 ruwa ya cika wani ramin jirgi a ƙarƙashin kogin Thames kusa da London, kamfanin Eurostar ya soke dukan jiragensa na wannan rana tsakanin Ingila da Faransa da Beljiyam da Holan, dubban matafiya masu shirin bikin sabuwar shekara suka yi cirko-cirko a tashoshi. A Jamus, ambaliyar Yuli 2021 ta kashe mutane fiye da 180, ta lalata dogo wajen kilomita 600, kuma shekaru aka kwashe ana sake gina hanyar da ta bi kwarin kogin Ahr. A Sifen, ranar 29 ga Oktoba 2024, garin Chiva na lardin Balensiya ya sami ruwan kusan shekara guda cikin awa 8. Mutane fiye da 200 suka mutu a lardin, jirgi mai tsananin gudu tsakanin Madrid da Balensiya kuma ya tsaya har mako 2.

Akwai labarai 2 da nake so mai karatu ya riƙe fiye da sauran. Na farko ya faru kusa da Stonehaven a Sikotilan, ranar 12 ga Agusta 2020. An yi ruwa fiye da milimita 50 cikin kamar awa 3, tsakuwa da duwatsu suka gangaro kan dogo, jirgin fasinja ya hau kansu ya goce, mutum 3 suka mutu, ciki har da direba da kwandasta. Da masu bincike suka fito da rahotonsu cikin 2022, sai ga shi tsakuwar ta fito ne daga wata magudanar ruwa da ɗan kwangila ya gina ba bisa zanen da aka ba shi ba, kuma ba a lura ba shekara da shekaru. Watau abin da aka gina don ya kare dogo shi ne ya jawo hatsarin.

Na biyu a maƙwabta ne. Ranar 21 ga Oktoba 2016 ruwa ya karya babban titin Yawunde zuwa Duwala a Kamaru. Jama'a suka kwarara tashar jirgi, aka ƙara taragu 8 a kan 9 da aka saba, jirgin ya tashi da fasinja fiye da ninkin abin da ya saba ɗauka. A Eseka ya kife, mutum 79 suka mutu bisa lissafin hukuma, ɗaruruwa suka ji rauni. Lura da kyau, ruwan bai taɓa dogo ba. Titi ya karya, cunkoso da gaggawa suka ƙarasa sauran.

TO, AI NAN BA A RUWA SOSAI

Wani zai ce ƙasar Daura jigawa ce, ruwan shekara bai cika wuce milimita 700 ba, me ya haɗa mu da ƙasashen duwatsu da manyan koguna? Amsa ita ce, ba yawan ruwan shekara ke karya dogo ba, yawan ruwan awa guda ne. Namu kuwa cikin wata 3 ko 4 yake zuba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma manomi ya san dare guda na malka yakan zubar da abin da ya isa rabin wata. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta da wuyar zaizayewa. Ƙoramar da yara ke wasa a cikinta wata 8 babu ɗigon ruwa, ita ce cikin awa guda takan ɗauke sa da amalanke.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba, gama tana kan hanyar jirgin ita kanta. A tsakiyar Yuli 2018 aka yi ruwan dare a Jibiya, mutane fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, har cikin ƙasar Nijar aka riƙa tsinto gawawwaki. Ranar 30 ga Agusta 2024 Maraɗi ta sami ruwa wajen milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka aƙalla 15. 'Yan kwanaki bayan haka tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya zube. Jibiya tasha ce a wannan hanya, Maraɗi kuwa ita ce ƙarshenta. Dattawa kuma ba su manta fashewar madatsar Bagauda a Kano cikin Agusta 1988 ba, balle ta Alau da ta cinye Maiduguri cikin Satumba 2024.

Masana yanayi sun daɗe suna bayyana dalili. Iska mai zafi ta fi riƙe danshi, saboda haka yayin da duniya ke ƙara ɗumi, hadarin da ke tasowa a yankin Sahel ya fi na da nauyi. Ma'anar wannan ga injiniya ita ce, in ya auna faɗin kwalbati da lissafin ruwan shekarun fari na 1970 da 1980, ya ɗinka wa yaro riga ne da awon bara.

TUDUN DA KE IYA ZAMA MADATSA

Akwai wani ɓangare da ya fi shafar talakan da ba zai taɓa sayen tikiti ba. Tudun jirgi bango ne mai tsawon kilomita ɗaruruwa da aka gitta a kan ƙasa. Duk ruwan da a da yake malala ya bi gangarensa, yanzu sai ta kwalbati zai wuce. In kwalbatin ya yi kaɗan, ko aka sa shi ba a bakin hanyar ruwa ba, ko kara da leda da yashi suka toshe shi, gonakin sama za su zama tafki, na ƙasa kuma su jira ranar da bangon zai ɓalle.

Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja ranar 29 ga Mayu 2025 ya isa wa'azi. An ƙirga gawa fiye da 150 cikin kwanakin farko, ban da waɗanda ba a gani ba. Mazauna garin sun gaya wa manema labarai cewa ruwa ya yi kwanaki yana taruwa a bayan wani tsohon tudun jirgi da ke gefen gari, saboda shara ta toshe kwalbatocinsa, har tudun ya ɓalle da asuba ya sako ruwan a kan unguwanni. Saboda haka zancen kwalbati ba na matafiya kaɗai ba ne. Na kowane ƙauye ne da dogo ya ratsa gonakinsa daga Kazaure zuwa Mashi.

GANI TA SHIGO DAMINA

Mu koma kan baƙi. Babban taron da ke jawo mutane Daura shi ne Sallar Gani, wadda ake yi cikin watan Rabi'ul Awwal. Da yake shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 11, bikin yana matsowa baya kowace shekara. Cikin 2024 ya faɗo a tsakiyar Satumba, cikin 2025 a farkon Satumba. Mai lissafi zai ga 2026 da 2027 da 2028 duk cikin Agusta ne, 2029 da 2030 kuma cikin Yuli. Watau shekarun da ake sa ran jirgi zai fara ɗaukar fasinja, su ne shekarun da ranar cikar Daura da baƙi ta yi daidai da tsakiyar malka. Kuma sabon tudu, wanda bai sha damina 2 ko 3 ya zauna ba, ciyawa ba ta kama gefensa ba, shi ya fi saurin zaizayewa.

A ce jirgi ya kawo mutum 800 kallon hawa, daren nan ruwa ya yanke hanya tsakanin Daura da Kazaure. Ina za su kwana? Wa zai mayar musu da kuɗinsu? Motoci nawa ke tasha da za su kwashe su, a kan nawa? Wanda ya ga yadda garin ya cushe ranar 15 ga Yuli 2025, sa'ad da aka yi jana'izar marigayi Buhari, ya san masaukan Daura ba su da yawa. Baƙo kuwa in ya wahala sau ɗaya, ba shi kaɗai ka rasa ba, har da duk wanda zai ba labari. Mun kuma ga yadda rufe hanya ke yi wa jama'a: bayan harin 28 ga Maris 2022, jirgin Abuja zuwa Kaduna bai koma aiki ba sai Disamba. Dalilin dabam ne, amma wahalar matafiyi iri ɗaya ce.

Don kada a yi mini mummunar fahimta, ban ce jirgi ya fi mota hatsari ba. Rayukan da titunanmu ke ci kowane wata sun fi ƙarfin kwatance. Ban kuma ce an gina wannan hanya ba daidai ba. Abin da nake cewa shi ne, ingancin gini rabin aiki ne, sauran rabin kulawa ce ta kowace damina, kuma a wajen kulawa ne muka saba faɗuwa. Tsohon layin Legas zuwa Kano ba don rashin iya gini ya lalace ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya ta bayyana wa jama'a, da Hausa, yawan gadoji da kwalbatocin da ke kan hanyar da irin ruwan da aka auna su da shi. Kafin a karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila, injiniyoyin da ba nasa ba su bi su ɗaya bayan ɗaya su gwada abin da ke ƙasa da abin da ke takarda. Darasin Stonehaven ke nan.

Na biyu, a saurari mutanen wuri. Dagaci da mai unguwa da tsohon manomi sun san inda ruwa ya bi shekarar da aka yi babbar ambaliya, abin da mai awo da ya zo da rani ba zai gani ba. Masarautar Daura da ƙananan hukumomin da dogo ya ratsa suna iya tattara koke-koken ƙauyuka tun yanzu, tun ma'aikata da injinansu ba su tashi ba. Gyaran kwalbati kafin jirgi ya fara gudu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Na uku, Hukumar Jiragen Ƙasa ta dawo da leburorin layi, waɗanda a zamanin da suke bin dogo da ƙafa kowace safiya, kowace ƙungiya da yankinta. A ɗauki samarin ƙauyukan da ke gefen hanya, a ba su waya da albashi, su yashe magudanu cikin Mayu, su duba dogo bayan kowane babban ruwa.

Na huɗu, a sa ma'aunin ruwa a tashoshi, a haɗa kai da hukumar NiMet mai hasashen yanayi da NIHSA mai lura da koguna, a kuma rubuta doka sarai: in ruwa ya kai kaza a rage gudu, in ya kai kaza a tsaya. Kada wani babba ya buga waya ya ce sai an tashi. Kada kuma a ƙara taragu fiye da ƙa'ida don titi ya karye.

Na biyar, a rubuta haƙƙin fasinja a bayan tikiti: mayar da kuɗi, ko canjin rana, da sanarwa a rediyo da waya kafin mutum ya baro gida. Jami'ar Sufuri kuwa ga aikin bincike a ƙofar gidanta. Ɗalibanta su auna ƙoramun da ke tsakanin Daura da Mashi damina bayan damina, su ajiye lissafi.

Mu ma talakawa da namu laifin. Wanda ya zuba shara a magudana, da wanda ya kwashi yashi a gindin gada ya sayar, da wanda ya yi gini a bakin kwalbati, duk suna haƙa ramin da ba su san wanda zai faɗa ba. Matafiyi kuma, ko a nan ko a ƙasar waje, in tafiyarsa ta faɗo cikin damina ya bar kwana ɗaya na rara, ya riƙe guzuri da 'yan kuɗin mota, kada ya haɗa jirgin ƙasa na ƙarshe da tashin jirgin sama. In an ce an tsayar da jirgi saboda ruwa kada ya zagi ma'aikata, gama jinkiri ya fi jana'iza.

Shekara fiye da 100 Daura ta yi tana jiran jirgi. Da an ƙara mata 'yan watanni don a faɗaɗa kwalbati a ƙarfafa gada, ba za ta yi asara ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.